Wa Ya Yanka Barewar Misis Pell

Ranar wata Litinin ce, ƙarshen watan Afrilu, aka tsinci kan barewa a bakin shingen wani daji. Kai kawai, da ƙahonsa masu rassa, sai ƙazantar tumbi da aka zazzage gefe guda. Gangar jiki babu, fata babu. Mai kula da dajin, wani Bature mai jan wuya, ya duƙa ya dubi inda wuƙa ta bi, ya ce wannan yankan Musulmi ne. Musulmi kuwa ɗaya ne yake da izinin shiga dajin nan da bindiga, shi ne surukina, mijin 'yata Karimatu. Ni Baban Zarah nake ce masa, ku kuma ku kira shi Maharazu, ba ruwanku da kunyata.

Na san wani zai ce, yo ina London ina barewa? Ni ma haka na ce da na zo. Amma ka ɗauki mota daga gidanmu a Catford ka yi kudu ka wuce Bromley, kafin shayin da ka sha ya sauka ka shiga gonaki da dazuka. A can wata tsohuwar Baturiya, Misis Pell, take da daji nata na kanta. Barewa sun yi mata yawa suna cinye ƙananan itatuwa, sai ta bai wa mutum biyu izini su riƙa rage su a lokacin da doka ta yarda. Ɗaya Baban Zarah, ɗayan amininsa Katung, ɗan Zonkwa, direban jirgin ƙasa, wanda ya tashi a hannun kakansa maharbi. Shi ya koya wa surukina harbi. Surukina kuma abin da ya ja shi, naman da zai harba da bisimilla ya yanka da hannunsa.

Sharaɗi ɗaya tsohuwar ta kafa musu. Akwai wani farin namiji, tsoho, da ta saba gani ta tagar kicin tun mijinta yana da rai. Ta ce su harbi wanda suka ga dama, banda shi. Su kansu sun so shi. Sun ɗaɗɗaure ƙananan kyamarori a jikin itatuwa, irin masu ɗaukar hoto da kansu idan wani abu ya gifta, kuma duk sati sai Katung ya zo gidanmu su zauna su tasa kwamfuta gaba suna kallon hotunansa kamar masu kallon hoton jika. Dattijo suke ce masa. To, kan Dattijo ne a bakin shingen.

Kyamarar da ke kallon wurin kuma an kwance ta an tafi da ita.

Kafin la'asar 'yan sanda sun zo gidanmu. Da ladabinsu suka zo, har da cire takalmi, amma sun tafi da bindigar da lasisinta, sun kuma buɗe freezer sun ɗebi nama. Suka tambayi surukina ina yake ranar Lahadi da yamma. Ya ce yana dajin, can ɗaya ɓangaren, shi kaɗai, yana canza wa kyamarori batir don sauran 'yan kwanaki a rufe farautar maza. Na ga wanda yake rubutawa ya ɗago ya dube shi. Suka ce ya zo ofishinsu sati mai zuwa, kuma gara ya zo da lauya.

Surukina ma'aikacin kemis ne, magani yake bayarwa. A aikinsu idan aka kama mutum da laifi, komai ƙanƙantarsa, sai hukumar da ta ba shi izinin aiki ta zauna a kansa. Karimatu ce ta faɗa mini wannan a kicin, murya ƙasa-ƙasa, tana wanke kofin da ta riga ta wanke. Idan aka tuhume shi, aikin ne zai tafi, aikin kuwa shi ne rufin da ke kanmu duka.

*

Maganar ba ta kwana ba ta zagaye gidajen Hausawa daga Catford har Stratford. Wayata ba ta huta ba. Kowace sai ta fara da jaje, sannan ta sako abin da ya kawo ta. Wata ta ce ai dama mutum ya cika son naman daji, wata rana sai hannu ya zarce. Wata ta ce a'a, a dubi abokin nan nasa dai, wa ya fi shi sanin yadda Maharazu yake yanka, wa kuma zai ci dajin shi kaɗai idan aka kori ɗaya? Wannan ta biyun ta fi ci mini rai, don na ga ta shigo gidan ta sami wurin zama. Da Katung ya buga waya, surukina ya daɗe yana kallon sunan kafin ya ɗauka.

Katung bai jira gayyata ba. Washegari da ya tashi aiki sai ga shi, da rigar aikinsa a jiki. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, ya ce, “Mama, na ji abin da ake faɗa a kaina. Matata ma an tare ta a kasuwar Lewisham an faɗa mata. Ba komai. Ni dai a bar ni in ga ƙasa.”

Da farko dai ba ƙasar ya gani ba, mutane ya bi. Mai kula da dajin ya ce masa makonnin baya ya ga wata farar mota da wasu samari masu dogayen karnuka. Katung ya zauna ya bi hotunan sauran kyamarorin ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya yi ja. Ya ga dila, ya ga mata barewa da ciki, ya ga Dattijo ranar Lahadi da hantsi yana tafe yana kiwo abinsa, ya nufi shingen. Kare ko ɗaya babu.

Sai aka ce a duba Shamsudeen. Shi wannan yaro ne mai gasa nama a Stratford, duk wani suna ko walima shi ake kira, kuma kowa ya san ya daɗe yana roƙon surukina naman barewa yana hana shi. A satin nan kuwa ya sa a waya cewa akwai kilishin barewa. Katung ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya same shi a bakin gashinsa. Shamsudeen ya fusata, ya buɗe firji ya jawo kwalin da naman ya zo ciki, da tambarin wata gona ta Scotland a jiki, ya ce shi da bai taɓa ganin barewa a tsaye ba sai a leda, a ina zai san hanyar daji? Ya ce in an gama da shi a je a tuhumi masu sayen ma. Duk da haka sai da ya naɗe wa Katung tsire ya ce ya kai wa Hajiya.

Na ci, ban ji daɗinsa ba. Ranar zuwa wurin 'yan sanda kuwa tana ta matsowa.

*

Ranar Alhamis Misis Pell ta yarda Katung ya shiga, ba bindiga, surukina kuma kada ya taka. Na ce zan bi shi. Karimatu ta ce, Umma da gwiwar taki? Na ce zaman gidan nan ina kallon fuskokinku ya fi gwiwar ciwo. Jikata Zarah ta ara mini takalmin robanta, ta yi dariya ta ce da Turanci wai na zama manomiya.

Wurin ba nisa da titi. Akwai 'yar hanyar ƙafa da doka ta bar wa kowa ya bi, tana tafiya gefen shingen waya. Ƙasan itatuwa duk shuɗɗan furanni, kyau kamar ba a yi komai ba. Katung ya ce in tsaya a kan hanya. Ya shiga tafiya a hankali, hannu a baya, kai a ƙasa, ya yi gaba ya dawo, ya tsuguna ya daɗe. Ba ya magana. Ni kuwa shiru ba halina ba ne, sai na yi ta jan carbi don kada bakina ya dame shi.

Can ya kira ni. Ya nuna mini wayoyin sama guda biyu na shingen, sun lanƙwashe sun murɗe, da farin gashi a maƙale. A ƙasa kuma wurin ya tone, kamar an sa fartanya. Ya ce ba wanda ya harbi dabbar nan. Da harbi ne, da an ga inda ta zabura da ɗigon jini a hanya. Tsalle Dattijo ya yi zai ƙetare, ƙafar baya ta shige tsakanin waya biyu suka murɗe ta, ya rataya kai a ƙasa, yana tonon ƙasa da ƙafafun gaba. Ya ce daga zurfin tonon, ya daɗe a haka.

Na ce to alhamdu lillahi, ai magana ta ƙare. Ya girgiza kai. Ya ce wannan bai wanke kowa ba, za su ce Maharazu ya tarar da shi a rataye ya yanka ya kwashe.

Sannan ya sa tsinke ya ɗaga wasu ganyaye da aka tara da ƙafa. Ƙarƙashinsu ɗan rami ne, bai wuce faɗin kwano ba, an mayar masa da ƙasa. Ya tone. Jini ne ya daskare a ciki, baƙi.

“Mama, Maharazu ni na koya masa,” in ji shi. “Mu a nan jini a kan ciyawa muke barinsa. Tumbi da hanji ma a daji muke zubarwa, haka aka koyar da mu. Wannan ya haƙa wa jini rami, ya zazzage tumbi ya tafi da shi, ƙafafu ma bai bari ba. Wa yake yin haka?”

Na ce duk mai gidan da ya taɓa layya a tsakar gidansa. Mahaifinsu Karimatu, Allah ya jiƙansa, da kansa yake haƙa ramin tun da asuba, ba ya bari yara su taka jini.

Ya gyaɗa kai, ya ja ni gaba kaɗan inda ƙasa take da laushi. Sawu biyu ne. Ɗaya na mai ƙarfi, ya je titi ya dawo sau da yawa, kuma idan zai tafi sawun ya fi nutsewa, wato da kaya a kafaɗarsa. Ɗayan gajeren taku ne, yana ɗan jan ƙafar hagu. A gefen damansa kuma, duk taku, ƙananan huji huɗu a jere kamar ƙafafun kujerar 'yar tsana.

Ya ce sanda ce mai ƙafa huɗu, irin wadda asibiti ke bai wa wanda aka yi wa aiki a ƙugu.

Carbin ya tsaya a hannuna. Na san sandar. Na ga an jingine ta a bakin ƙofar masallaci, na ga mai ita yana faɗa da ita wai ta mayar da shi tsoho.

Alhaji Nashiru ne, mutumin Gusau, dattijon kirki, wanda ɗansa Abdul-Hafiz ya kawo aka yi masa aiki a wani asibiti a Marylebone. Likita ya ce ya riƙa tafiya, shi kuma ya ce titin London hayaƙi ne, sai ɗan yake fita da shi bayan gari ranar Lahadi. Abdul-Hafiz karatun digiri na uku yake, bizarsa ta ɗalibi ce.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Bromley. Sannan Katung ya ce shi ba zai kai sunan tsoho wurin 'yan sanda a bayan idonsa ba, amma kuma ba zai zuba ido Maharazu ya shiga uku ba. Na ce ya bar mini, ni na san yadda ake tara mutane.

*

Ranar Asabar na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, na ce sauka za a yi a roƙa wa Baban Zarah mafita. Shamsudeen ya zo, har yanzu yana hura hanci. Katung ya zo ya zauna kusa da ƙofa. Abdul-Hafiz ya so ya ce mahaifinsa ba ya jin daɗi, na ce ai addu'ar dattijo muke nema, ko a goye a kawo shi. Suka zo. Yaron ya rame, gaisuwar ma a tsaye ya yi ta yana kallon kafet.

Bayan an shafa aka ci abinci. Alhaji yana ta santi, ya ce rabonsa da taushe irin wannan tun Gusau. A yadda na lura, ɗansa bai faɗa masa komai ba. An ce masa dai surukina yana cikin wata matsala da hukuma.

Katung ya wanke hannu, ya matso ya zauna a ƙasa gaban tsohon. Ya ce, “Baba, tambaya gare ni, ni ba Musulmi ba ne. Idan mutum ya tarar da dabba za ta mutu, ba tasa ba, yaya ake yi?”

Abdul-Hafiz ya ajiye cokali.

Alhaji ya gyara zama, irin na wanda aka taɓo masa inda yake so. Ya ce ai ba a tsayawa neman mai ita, yankawa ake yi tun tana motsi, kada ta zama mushe a yi asara, ita ma ta huta. Ya ce ko satin nan sai da Allah ya haɗa shi da irin haka. Ya ba da labarin tiryan-tiryan, yana kwatance da hannu. Farar dabba, ƙaho kamar rassan ƙirya, tana rataye, ƙashin ƙafar ya fito waje, harshe ya bushe. Sun yi ta fama su kwance wayar, da ta faɗo ba ta iya tashi ba, bayanta ya riga ya saki. Ya ɗiga mata ruwan gorarsa a baki. Ya sa yaro ya duba alƙibla a waya, ya tona rami da kansa, ya ciro 'yar wuƙarsa da ba ya rabo da ita tun yana saurayi. Ya ce ya tambayi yaro ina gidan mai unguwar wurin a kai masa cinya, yaro ya ce nan ba a haka, su dai yi sauri. Kan ma ya so ɗauka, yaro ya ce ƙahon ba zai shiga but ɗin mota ba.

Karimatu tana tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu.

Alhaji ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, murmushin ya fara janyewa. Ya ce, “Lafiya? Na faɗi wani abu ne?”

Surukina ne ya yi masa bayani, a hankali, kansa a sunkuye. Ya ce dabbar tana da mai ita, a ƙasar nan kuma ɗaukar ta laifi ne, kuma shi ake tuhuma.

Tsohon ya juya wajen ɗansa. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye shi ko ya sani. Abdul-Hafiz ya ce sai da suka gama ya hango kyamarar a jikin itace tana kallonsu, sai tsoro ya kama shi ya kwance ta. Ya ce yana ta cewa gobe zai yi magana, gobe zai yi magana. Ya ce, “Baba, wuƙar kaɗai a aljihu case ce a garin nan. In suka yi cancel ɗin visa ɗina fa? Saura kaɗan in gama.”

Wallahi na tausaya masa. Ni ma uwa ce, na san shekarun da aka zuba a karatun nan. Na dubi Karimatu, na dubi yaron, na rasa wanda zan kalla.

Alhaji ya ce, “Ina abin hoton?”

Ya ce yana gida, a ƙarƙashin gado, bai taɓa shi ba.

“Na ci tuwon gidan mutum, na ɗaga hannu na roƙa masa mafita, ashe ni ne ƙofar a rufe.” Ya miƙa hannu aka ba shi sandarsa. “Tashi mu je. Ni na yanka, ni zan faɗa. Kai naka ka juya musu da Turanci, kada kuma ka rage ko kalma.”

*

Katung ne ya ce a fara zuwa wurin Misis Pell kafin ofis, shi ya kai su. Ya ce tsohuwar ta sa tabarau ta kalli hotunan duka ba ta tsallake ko ɗaya ba, tun daga tsallen, da tsawon lokacin da inuwa take juyawa dabbar tana rataye, har zuwan tsoho mai farar hula yana ɗiga mata ruwa. Ta tashi ta shiga ciki ta daɗe. Da ta fito ta ce ita ba za ta nemi a hukunta kowa ba, amma kada wanda ya ƙara kawo mata maganar barewa bana.

'Yan sanda ba su saki abin da sauƙi haka ba. Sun karɓe wuƙar, sun yi wa Abdul-Hafiz doguwar tambaya a kan kyamarar, suka rubuta masa gargaɗi. Har yau da nake rubutun nan bai san ko zai taɓa masa biza ba, lauya ya ce a jira. Amma ranar Talata aka bugo wa surukina aka ce ba sai ya zo ba, ba abin da ake nema a wurinsa. Karimatu ta ɗaga hannu ta yi hamdala. Shi kuma ya ɗauki jaket ya ce zai je gidan Katung, akwai maganar da ba ta waya ba ce.

Ana gobe Alhaji zai koma gida ya sa aka kawo shi. Lif ɗinmu ya lalace, na leƙo na ce ya tsaya mu sauko, ya ƙi. Ya hawo bene da sandarsa yana hutawa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama, ya ce wa surukina, wanda a shekaru ɗa ne a wurinsa, ya yafe masa. Surukina ya durƙusa ya ce ba komai, Baba, wallahi ba komai.

Har ya juya, sai ya tsaya.

“Amma ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Da kai ne ka tarar da namijin barewar nan a haka, za ka bar shi?”

Surukina ya ɗago kai ya dube shi. Sannan ya ce, “Da na fara buga waya tukuna, Baba.”

“Waya,” in ji Alhaji. Ya jinjina kai, ya dafa ƙarfen benen, ya sa ƙafa a matakala ta farko. “Shi kuwa yana rataye, ni yake kallo.”